Tsohon Soro da Masu Inshora

Kalmar inshora ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe, amma kusan duk inda ka ji ta, a bakin direba za ka ji ta. Takarda ce da yake yanka a kan tilas don kada 'yan sanda su tsare shi a hanya. Ya linke ta ya cusa a aljihun mota, bai kuwa taɓa sa ran wata rana za ta tsinana masa kome ba. Amma a ce mutum ya tashi takanas ya je ya yi wa gidan da yake kwana inshora, wannan ko a cikin 'yan boko ba kasafai ake samu ba. Shi ya sa duk kuɗin inshorar da ake tarawa a Nijeriya a shekara bai kai kashi 1 cikin 100 na arzikin da ƙasar ke samarwa ba. To, in gidan bulo da siminti bai samu ba, ina ga gidan ƙasa, tsohon ginin tubali da azara da ke can cikin lungun birni? Irin wannan gida ne muka nemi yi wa inshora, abin da muka gani a wajen neman kuwa shi nake so in shimfiɗa wa mai karatu. Na tabbata da yawa daga cikin ɗaliban da ke kwana a ɗakunan jami'a masu fanka da silin, in an yi hutu irin gidan nan suke komawa.

Gidan namu a cikin birnin Zariya yake, ba nisa da Ƙofar Kuyambana. Dattawan gidan suna cewa kakan mahaifina ya gina zauren tun kafin jirgin ƙasa ya ratsa ta Zariya zuwa Kano a 1911. Zauren nan ɗaurin guga ne, watau baka biyu ne suka gitta juna a sama suka ɗauki rufin, kaurin bangonsa daga tushe kuwa ya fi kamu biyu. Bayansa akwai shigifa, sa'an nan soro uku na asali, duka rufin azara, kowanne da indararonsa. Sauran ɗakunan daga baya aka yi su. Duk wanda ya yi aure ya sami ɗan hali sai ya rushe wani ɓangare ya ta da bulo ya rufa kwano, har gidan ya zama kamar rigar da aka yi ta yi wa maho, kowane zamani da irin ƙyallensa. Mutum fiye da talatin ke kwana a cikinsa. A ɗaya daga cikin tsofaffin sorayen nan ne ƙanwar kakanmu, wadda muke kira Gwaggo, take zaune tun da mijinta ya rasu ta dawo gida.

Abin da ya ta da maganar shi ne abin da ya faru ranar Juma'a, 11 ga Agusta 2023, ranar da kowane Bazazzagi ba zai manta ba. A ranar ne wani sashe na babban Masallacin Juma'a na Zariya ya rufta a kan mutane suna sallar La'asar, mutane da dama suka rasu. Masallacin nan Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin shekarun 1830, masana gine-gine na duniya kuwa suna lissafa shi cikin gine-ginen ƙasa mafiya ƙwarewa a Afirka ta Yamma. Duk mai tsohon soro a birni da ya koma gida a daren nan sai da ya ɗaga kai ya dubi rufinsa. In aikin Babban Gwani ya faɗi, wane ne kuma maginin kakanmu? Da aka yi taron gida bayan damina, wani yayanmu da ke aikin banki a Kaduna ya kawo shawarar a yi wa gidan inshora. Da yake ni ne nake koyarwa a kusa, kuma ana ganin malamin jami'a ba ya rasa lokaci, sai aka ɗora mini ɗawainiyar bincike.

Ofishin farko da na shiga a Kaduna, wani saurayi mai fara'a ya karɓe ni, ya miƙo mini takardar cikewa. Suna, adireshi, sana'a, duk na wuce su da sauri. Sai na iso inda ake tambayar da me aka gina bango. Ga gurbin bulon siminti, ga na jan bulo, ga na dutse, ga na kankare. Rufi kuma ga kwano, ga kankare, ga fale-falen rufi. Na duba sama na duba ƙasa, ban ga tubali ba, ban ga azara ba. Na ce masa, "Malam, namu ginin ƙasa ne." Ya ɗan yi shiru, ya ce, "Ranka ya daɗe, bukka ke nan?" Na ce ba bukka ba ce, soro ne, ya kuma girmi wannan benen da muke ciki da shekaru masu yawa. Ya ce to sai dai in rubuta a layin "wani abu dabam", amma in sani duk abin da ya faɗa wannan layi, a wurinsu ginin da ba na ƙa'ida ba ne, sai manyansa sun duba kafin a ce kome.

Wannan kalma ta "ƙa'ida" ta tsaya mini a rai, har na je na bi sawunta. Ashe doguwar tafiya ta yi kafin ta iso Kaduna. A watan Satumba na 1666 wuta ta tashi a birnin Landan daga gidan wani mai gasa burodi, ta yi kwana huɗu tana ci, ta lashe gidaje fiye da 13,000. Bayan haka ne wani likita da ya koma harkar gine-gine, mai suna Nicholas Barbon, ya buɗe ofishin inshorar gobara wajen 1680. Tun daga farko ya raba gidaje kashi biyu, na jan bulo da na katako, mai gidan katako kuwa ninkin abin da mai bulo ke biya yake biya. Wannan hankali ne, domin a ƙasarsu wuta ce dodo, katako kuwa abincinta ne. Da kamfanonin Ingila suka buɗe rassa a Ikko a farkon ƙarni na 20, da ma'auninsu suka zo, shi ne kuma 'ya'yanmu suka gada har yau. Abin dariyar shi ne, in dai gobara ake tsoro, soro ya fi yawancin gidajen zamani aminci. Ƙasa ba ta cin wuta, azarar kuwa a binne take cikin laka. Ɗakin bulo mai silin na roba da katakon rufi da labule har ƙasa, shi ne wanda wuta ke gamawa da shi kafin a ɗebo ruwa a rijiya. Amma ma'aunin bai san haka ba. Ya haɗa soro da bukkar ciyawa ya zuba su a kwando ɗaya.

Sai dai kada in zalunci mutanen nan. A ofishi na biyu na haɗu da wani dattijo wanda ya daɗe a sana'ar, shi ma kuwa a gidan ƙasa aka haife shi. Bai ɓata mini lokaci ba. Ya ce, "Malam, bari in gaya maka abin da muke saya da abin da ba mu saya. Mu tsautsayi muke ɗauka, abin da ke faɗowa farat ɗaya ba zato: gobara, tsawa, fashewar tukunyar gas, guguwa, ambaliya, mota ta ƙwace ta daki katanga. Abin da ke cin gida a hankali, watau tsufa da gara da danshi da tsagewar bango da rashin gyara, wannan ba kamfanin da zai ɗauka, ko a nan ko a Ingila. To ka gaya mini tsakani da Allah, me ke kashe gidan ƙasa?" Na ce ruwa. Ya ce, "Ruwan dare ɗaya, ko ruwan shekara goma?"

Nan fa gizo ke saƙa. Duk wanda ya tashi a birni ya san yadda soro ke mutuwa. Indararo ya toshe da ganye ko ciyawa ta tsiro a kan rufi, ruwa ya kwanta. 'Yar tsaga ta buɗe a jikin rawani, ruwa ya riƙa silalawa ciki, damina bayan damina, yana jiƙa kan azara inda ta shiga bango. A ƙasa kuma kwata ta cika, tushen bango ya sha ruwa ya yi laushi. Sa'an nan wata rana cikin watan Agusta, bayan an kwana biyu ana yayyafi, sai a ji rugum. Masu gida su ce ruwan jiya ne ya rushe shi. Mai duba ɓarna na kamfani ya zo ya tona ya ga ruɓaɓɓiyar azara, ya rubuta cewa rashin gyara ne. Kowannensu kuwa yana da gaskiya. Dattijon ya ce shi abin da yake gudu ke nan, ya karɓi kuɗinmu shekara biyar, ranar da soro ya faɗi a ce ba za a biya ba, mu tafi muna cewa inshora zamba ce. Na ga mutuncinsa a kan wannan magana. Duk da haka ya yarda zai aiko da mai duba gini, in mun ɗauki nauyin motarsa.

Mai dubawar ya zo wata Asabar da hantsi, da ɗan littafinsa da tocila da awo. Zuwansa ya zama abin kallo a lungu, yara suka biyo shi har tsakar gida. Abin mamaki, ba sorayen ne suka fara ta da masa hankali ba. Wayoyin lantarki ne. An ja wuta gidan tun ina ƙarami, tun daga lokacin kuwa kowa ya yi ɗaki sai ya kira yaron unguwa ya jona masa daga na maƙwabcinsa, har wayoyin suka zama kamar saƙar gizo a kan katanga, wasu an ɗaure su da leda. Sa'an nan ya ga janareta a shigifa, ga jarkar fetur a jingine kusa da shi, taku kaɗan daga inda wata matar gida ke suyar ƙosai da safe. Ya rubuta, ya rubuta, bai ce uffan ba. Da ya shiga zaure ya ɗaga tocila ya haska bakan nan, sai ya daɗe a tsaye. Ya ce a makaranta an nuna musu hoton irinsa, amma bai taɓa shiga ƙarƙashinsa ba.

Da ya zagaya bayan soron Gwaggo sai ya ƙwanƙwasa bangon da makullin motarsa, muka ji yana amsawa kamar ganga. Shekarun baya an yi wa bangon nan filastar siminti, kowa ya yaba, aka ce an huta da yaɓen shekara-shekara. Ashe siminti da laka ba su zama da juna. Laka tana numfashi, tana shan danshi tana fitarwa, tana kumbura tana motsewa. Siminti kuwa ƙandararre ne. Da tafiya ta yi nisa sai ya rabu da bangon, ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, ya zauna yana cin bangon a ɓoye, daga waje kuwa sumul kamar ba kome. Mai karatu da ke da irin wannan bango a gida, in ya koma hutu ya ƙwanƙwasa ya saurara.

Magana ta gaba ita ce ta fi kowacce wuya: nawa ne kuɗin gidan? Na ɗauka tambayar mai sauƙi ce, a kira dillali ya faɗa. Aka ce a'a. Dillali kuɗin fili yake faɗa, fili kuwa ba ya ƙonewa, ba a yi masa inshora. Abin da ake so shi ne abin da za a kashe a sake ta da ginin in ya tafi. A nan kuma hanya biyu ce. Ko dai a biya ka abin da zai mai da ginin sabo kamar yadda yake, ko kuwa a biya ka darajarsa ta ranar da ya lalace, bayan an cire tsufa. In aka bi ta biyun, ginin da ya haura shekara ɗari, bayan an gama cire-cire, da ƙyar abin da ya rage zai sayi buhunan siminti. Akwai kuma wani tarko da ba kowa ya sani ba. In ka rage darajar gida don kuɗin zubinka ya yi sauƙi, to da kai za a raba asara. Alal misali, a ce sake gina gidan zai ci Naira miliyan 20, kai kuwa ka rubuta miliyan 10. In gobara ta yi ɓarnar miliyan 4, ba miliyan 4 za a ba ka ba, miliyan 2 ce, domin a lissafinsu rabin gidan ka kawo musu, rabin kuwa kai ka riƙe abinka. A zamanin da farashin siminti da kwano ke tashi kamar farashin tumatir, adadin da ya yi daidai bara, bana ya zama rabi, ba tare da ka yi kome ba.

Ɗakunan bulo ba su ba da wahala ba, an auna an lissafa. Zaure da soraye kuwa, mai ƙiyasin ya ce littafinsa ba shi da farashin tubali. Sai na tafi wajen wani tsohon magini da ya saba yi mana yaɓe tun zamanin kakana. Na same shi a ƙofar gidansa bayan La'asar. Na gaishe shi, na ce, "Baba, in da zauren nan namu zai faɗi, Allah ya kiyaye, nawa za ka gina mana irinsa?" Ya dube ni ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ɗana, da wa zan gina?"

Sa'an nan ya shiga lissafa mini. Ƙasar gini daga kududdufi ake haƙo ta, kududdufan birni kuwa an cike yawancinsu an yi gidaje a kai, shi ya sa ma ruwa ya rasa wurin zuwa yake shiga gidajen mutane. Yanzu sai a sayo jar ƙasa a tifa daga bayan gari. A cuɗa ta da ciyawa, a tattaka, a bar ta ta kwana ta ruɓa, a sake cuɗawa, sa'an nan a mulmula tubali ɗaya ɗaya da hannu a shanya. Azara kuwa daga giginya ake tsaga ta, namijin giginya wanda ya tsufa, shi ne gara ba ta iya ci. Da a kusa ake samu, yanzu sai an yi tafiya mai nisa, abin da ake kawowa kasuwa kuma sau da yawa ɗanye ne. Azara ba ta ɗaukar nauyi in faɗin ya wuce taku shida, shi ya sa ake ɗaure su bisa juna hawa-hawa a fitar da baka, wannan ɗaurin kuwa ba a koyonsa a shekara ɗaya. Sa'an nan laso, wanda ake shafe rufi da shi don kada ruwa ya shiga: katsi ne daga marina, da gashin jima daga majema, da ruwan dafara. To ina marinar? Karofin da ya sani yana yaro duk sun mutu. Makuba ma, ta ɓawon ɗorawa, sai an yi cigiya. Ya ce 'ya'yansa uku duk magina ne, amma na bulo, ba wanda ya iya ɗaurin guga a cikinsu, shi kuwa ƙafarsa ba ta hawa tsani yanzu. Ya ƙi faɗin kuɗi. Ya ce faɗin kuɗin abin da ba za a iya yi ba ƙarya ce, shi kuwa ya tsufa da ƙarya.

Na koma na gaya wa dattijon kamfani. Ya ce a Ingila tsofaffin gidajen da hukuma ta sa cikin jerin kayan tarihi, har da masu rufin ciyawa da masu bangon laka, ana yi musu inshora, akwai kamfanonin da suka ƙware a kansu. Dalili kuwa shi ne can doka ta tilasta a gyara su da irin kayansu na asali, don haka masu sana'ar ba su ƙare ba, akwai farashi, akwai wanda za a kira. Watau inshorar tsohon gida tana tsaye ne a kan magini. In magini ya tafi, takarda ba ta da abin da za ta mayar.

Ana cikin haka sai ga wata sabuwa: gidan na wane ne? Ƙa'idar inshora ce cewa ba ka yi wa abu inshora sai in kai ne za ka yi asara in ya lalace, in ba haka ba ta zama caca. Gidanmu kuwa tun rasuwar kakana ba a raba gadonsa ba, an bar shi a dunƙule don kada zumunci ya watse. Ba mu da takardar mallaka ta gwamna irin wadda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanada. Shaidarmu ita ce duk unguwa ta san gidan wane ne. Kamfani bai nace sai ya ga takardar gwamna ba, amma ya ce lalle ya san wanda zai miƙa wa kuɗi ranar biya, kada magada ashirin su taso masa. Wannan 'yar tambaya ta kusa ta ta da ƙurar da aka yi shekara talatin ana yayyafa wa ruwa. Masu ɗakunan bulo suka ce su da kuɗinsu suka gina. Waɗanda ke zaune a Kaduna da Abuja suka ce ai filin na kowa ne. Sai da aka zauna sau uku kafin a rubuta yarjejeniya a gaban mai unguwa, aka wakilta Baffa, ƙanen mahaifina, wanda shi ne babba a gidan yanzu.

Shi kuwa Baffa, da aka kai masa takarda ya sa hannu, sai ya ture ta. Ya ce, "Kai, ni fa ban gane ba. In ba su kuɗi, in ba abin da ya faru sun cinye, in abu ya faru su ba ni abin da ya ninka nawa. Wannan in ba caca ba mece ce? Kuɗin kuma ina suke kai su, ba bankin ruwa ba?" Na ce, "Baffa, malamai sun yi magana a kai." Ya ce, "To, me suka ce?"

Tambayar Baffa ba ta jahilci ba ce, ta girme shi ma. Ibn Abidin, malamin Hanafiyya na Dimashƙa wanda ya rasu a 1836, ya tattauna kuɗin da fatake ke biya don lamunin kayansu a jirgin ruwa, bai kuwa amince da shi ba. A ƙarni na 20 an sami waɗanda suka halatta, kamar Shaihu Mustafa al-Zarƙa na Siriya, amma mafi yawa sun tsaya a kan cewa akwai garari a ciki, watau sayen abin da ba a san ko za a same shi ba, ga kuma riba. A watan Disamba na 1985 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda ta yanke cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, amma ta taimakekeniya ta halatta. Ita ce ake kira takaful. Kamfani na farko irin wannan a Sudan aka kafa shi a 1979, Malesiya ta yi masa doka a 1984. A Nijeriya hukumar kula da inshora, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, a 2016 kuma aka ba kamfanonin farko da ba su yin kome sai takaful izinin aiki. Yadda abin yake, kuɗin da ka zuba gudummawa ce ga asusun jama'a, ba sayen lamuni ba. Wanda tsautsayi ya faɗa wa a ɗiba a ba shi. Kamfani wakili ne, yana ɗaukar ladan aikinsa, ba ya kuma juya kuɗin a harkar ruwa. In shekara ta ƙare da rara, ana iya mayar wa waɗanda ba su karɓi kome ba wani abu. Da na gama bayani Baffa ya ce, "Af, ai gayya ce aka sa mata kwat." Ya karɓi alƙalami.

Sai dai wanda ya zaci takaful zai fi tausayin gidan ƙasa, bai san lissafi ba. Asusun na jama'a ne, wakili kuwa ba zai jefa kuɗin jama'a a bangon da ke amsawa kamar ganga ba. Tambayoyin su ne dai, sharuɗɗan su ne dai. Abin da muka samu a ƙarshe ga shi. An karɓi ɗakunan bulo da kayan da ke cikinsu a kan gobara da tsawa da guguwa da ambaliya. An karɓi zaure da soraye a kan gobara kaɗai, watau a kan abin da ba su tsoro, aka cire ruwa, watau abin da ke kashe su. An gindaya mana mu sake jan wayar gidan gaba ɗaya ta hannun ƙwararre, mu fitar da janareta da fetur daga shigifa, mu ajiye tukunyar kashe wuta. An kuma ce a kowace ɓarna akwai wani kaso na farko da mu za mu ɗauka da kanmu, kuma lamuni ba ya farawa sai kuɗi sun shiga hannunsu, ba bashi. Gyaran wayar kaɗai ya ci ninkin kuɗin inshorar sau da yawa, a ganina kuwa shi ne babban amfanin da muka samu. Shekara da shekaru ana cewa za a gyara, ba a gyara ba sai da baƙo ya rubuta a takarda.

Wani abu da dattijon ya tambaye ni, wanda ya kamata masu gidaje a Samaru da Tudun Wada su ji, shi ne ko muna da 'yan haya. Dokar Inshora ta 2003 ta wajabta inshora a kan ginin da jama'a ke shiga, ta kuma sa gidan haya da ɗakunan kwanan ɗalibai a cikinsu. Sabuwar dokar da ta maye gurbinta a watan Agusta na 2025 ba ta sauke wannan wajibi ba. Ɗalibin da ke biyan haya a bayan jami'a yana iya tambayar mai gidansa, ko da yake na san irin kallon da za a yi masa.

Game da sorayen kuwa, abin da kamfani ya ƙi ɗauka ya dawo kanmu, inda yake tun asali. Da can ba a bukatar taro a kan wannan. Da kaka ta yi, an gama girbi, kowane gida zai haƙo ƙasa a yi yaɓe, kafin damina kuma a hau rufi a cire ciyawa a buɗe indararo a liƙe tsaga. In katangar wani ta faɗi, samarin unguwa su fito da safe, mata su dama kunu, kafin Azahar an ta da ita. Yanzu samarin suna kan babur suna neman na abinci, ba wanda zai zarge su. Don haka muka buɗe asusu a gida, kowane magidanci da abin da zai zuba duk wata, na nesa ya fi na kusa, tun da na kusa shi ke hawa rufi. Da kuɗin farko aka ɓamɓare simintin bayan soron Gwaggo. Abin da muka tarar a ƙarƙashi ya sa kowa ya yi shiru: rami ne wanda yaro zai iya shiga ya zauna, kan azara biyu kuma sun zama gari.

Aka roƙi Gwaggo ta koma ɗakin bulo kafin a gama gyara. Ta ce ita ba ta kwana a tanda. Ta kuwa faɗi gaskiya, domin a watan Afrilu ɗakin kwano ba ya shiguwa da rana, soronta kuwa kamar randa. Da ƙyar ta yarda da mako uku, bisa sharaɗin ba za a sa mata kwano ba. Tsohon maginin ya zo, aka ajiye masa kujera a inuwa, yana nuni da sanda, ƙaramin ɗansa da wani jikansa suna sama suna ɗaura sabuwar azara, yana yi musu faɗa a kan kowane ɗauri. Katsi bai samu ba, da makuba aka shafe. Ya ce za ta kai damina biyu, in an kula uku, daga nan sai a sake.